Ƙwai 48 na zuba a inji, tara kacal suka fito: ina matsalar take?

Auwalu Agege: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a harkar kaji. Bayan Babbar Sallah na sayi injin ƙyanƙyasa a kasuwar Alaba, mai cin ƙwai 56, irin wanda yake juya ƙwan da kansa. Na zuba ƙwai 48. Yau kwana 23 ke nan, 'yan tsaki tara ne suka fito, a cikinsu ma biyu sun mutu jiya, ɗaya kuma ƙafafunsa a baje suke, ba ya iya tsayuwa. Sauran 39 suna nan shiru kamar an shuka dusa. In ci gaba da jira ne ko in kashe injin? Kuma me na yi ba daidai ba? Wallahi abin ya dame ni, uwargida tun jiya take mini kallon "ai na faɗa maka".

Sadik Mai Sola: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu ba sai ka yi nisa ba, wuta ce. Sau nawa aka ɗauke muku a kwana 21 ɗin?

Auwalu Agege: Ana ɗaukewa kullum, amma ina tada janareta. Sau ɗaya ne dai, daren kwana na 12, mai ya ƙare mini wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ban samu ba sai da gari ya waye. Ya kai awa takwas injin yana kashe. Na dai lulluɓe shi da bargo.

Sadik Mai Sola: To ka gani. Magana ta ƙare. Awa takwas! Ka nemi batir da sola kawai.

Maman Hanifa Idi-Araba: Sadik kai kam ko ciwon kai mutum ya ce yana yi, sola za ka rubuta masa. Bari a tambayi bawan Allah tukuna. Malam Auwalu, daga ina ka samo ƙwan? Kwanansu nawa kafin ka zuba? Kuma ruwan da ake zubawa a ƙasan injin, yaya kake yi da shi?

Auwalu Agege: Hajiya, 30 yayana ne ya aiko mini daga Kano, na kajin Hausa ne na gidanmu, wani direban tirela mai kawo albasa ya taho da su. 12 na karɓa wajen maƙwabcina nan Agege, yana da zakara biyu. Shida kuma na shago ne, uwargida ta ce a cika da su tunda akwai gurbi. Ruwa kuwa, tun ranar farko nake cika kwalbatocin nan biyu maƙil, kamar yadda na gani a wani bidiyo na wani mai kiwo a Arewa.

Ibro Ɗan Acaɓa: Na shago?? Hhhh Malam Auwalu da ka kawo su an yi mana wainar ƙwai a teburin mai shayi, da mun yi maka addu'a.

Maman Hanifa Idi-Araba: Ibro ka bar dariya, da yawa sun yi wannan kuskuren, har da ni a farkona. Ƙwan shago na kajin gidan gona ne, waɗanda suke cikin keji babu zakara a kusa da su. Kaza tana yin ƙwai ko da zakara ko babu, amma wanda zakara bai taka uwarsa ba ko shekara zai yi a inji ba abin da zai fito. To shida sun fita daga lissafi tun kafin a fara. Saura 42.

Baba Mai Zabi Alaba Rago: Yaran zamani. Allah ya ba ku kaza mai kwanci, ba ta cin fetur, ba ta san an ɗauke wuta ba, kun bar ta kun koma kwalin roba. Ni shekarata sama da talatin a Ikko, ban taɓa taɓa inji ba. Kaza ɗaya in sa mata ƙwai goma ko sha biyu, ta ba ni tara, goma. Har ƙwan zabi nake sa mata, tunda zabuwa ba ta iya reno ba, ta kwanta musu kwana 26 zuwa 28 ta fito da su, ta yi ta yawo da su kamar nata.

Auwalu Agege: Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiya kuka faɗa, amma gidan haya nake, ɗaki biyu da ɗan baranda. Kaza uku na taɓa ajiyewa da zakara, baban mai gidan ya ce ko ni ko zakaran, wai yana tashinsa ƙarfe huɗu. Shi ya sa na ce in ƙyanƙyashe a ɗaki, in sun yi sati uku in kai su filin abokina a Ikorodu.

Kofa Nura Ikorodu: Salam. Ni ɗan bautar ƙasa ne a nan Ikorodu, kimiyyar dabbobi na karanta a Zariya. Malam Auwalu kafin kowa ya yanke hukunci, ƙwan nan 39 su ne shaidunka, kar ka zubar da su haka nan. Ƙwan kaza kwana 21 ne. In an samu sanyi a tsakiya yakan ja zuwa 22 ko 23, amma wanda bai huda ɓawo ba har ƙarshen kwana na 23, da wuya ya fito. Ka bari zuwa gobe da safe, sannan ka kashe injin, ka fita da su waje nesa da ɗaki, ka fasa ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren mai faɗi. Ka ware su kashi-kashi: wanda yake gwaiduwa zalla, wanda yake da zoben jini, wanda ɗan tsako ya fara kama jiki ya tsaya, da wanda ya cika da gashinsa ya mutu a ciki. Kuma ka rubuta na Kano ne ko na Agege. Daga nan za mu san mai laifi.

Auwalu Agege: Alhamdu lillahi na yi musu alama da fensir tun farko, K da A. Amma fa ɗaya yana ta da wani irin ɗoyi tun sati na biyu.

Maman Hanifa Idi-Araba: Inna lillahi. Ka bar bara-gurbi a ciki har yau? Fitar da shi yanzun nan, da leda a hannunka. In ya fashe a cikin injin nan warin sai ya kore ku daga ɗakin, kuma ƙwayoyin cutar su bi sauran. Ba ka haska su ba ne?

Auwalu Agege: Haskawa kamar yaya Hajiya?

Maman Hanifa Idi-Araba: Da tocila. Ranar kwana bakwai zuwa goma, da daddare ka kashe fitilar ɗaki, ka ɗora ƙwan a bakin tocilar waya ta ɓangaren mai faɗi. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Wanda ba komai za ka gan shi fayau, haske ya ratsa shi. Wanda ya fara ya mutu za ka ga jan zobe ya zagaye ciki. Waɗannan biyun na ƙarshe cire su ake yi. Sai ka sake haskawa ranar 18 kafin ka rufe injin.

Sadik Mai Sola: Duk wannan dogon turanci ne. Awa takwas babu zafi fa aka ce.

Kofa Nura Ikorodu: Yaya Sadik ba na ce wutar ba ta yi komai ba. Amma ka tuna ita kanta kaza tana tashi daga kan ƙwai kullum ta je ta ci ta sha ta dawo. Ɗan tsako na kwana 12 a cikin inji rufe, an lulluɓe da bargo, a ɗakin Legas da ko da dare ba ya yin sanyin kirki, yawanci yana jure awa takwas. Abin da hakan ke jawowa shi ne jinkiri. Zafin da ya wuce kima shi ne mai kisa da sauri. Ana so injin ya tsaya a digiri 37.5. In ya haura 40 ya daɗe a can, an gama. Da za a yi haka a Jos cikin hunturu, da na yarda da kai ba musu.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai maganar ruwan nan ce. Malam Auwalu, lambar danshi da injin yake nunawa nawa ce?

Auwalu Agege: Tana yawo tsakanin 75 da 82. Na ɗauka ma yawanta shi ne alheri.

Maman Hanifa Idi-Araba: Shi ke nan! Ga ta nan. Abin da ya cinye mini zubi biyu ke nan lokacin da na fara.

Kofa Nura Ikorodu: Bari in yi bayani dalla-dalla, don wannan ita ce matsalar da ta fi kama mutanenmu da suka koyi abin a Arewa ko a bidiyon 'yan Arewa. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi dubbai da ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwan cikin ƙwai ke fita a hankali. Daga ranar farko zuwa kwana 18 ana so ƙwai ya rage nauyi da kamar kashi 12 cikin 100. Ƙwan kazar Hausa mai giram 40 ya rasa kamar giram biyar ke nan. Ruwan da ya fita shi ke buɗe gurbin iska a ɓangaren mai faɗi, har ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. Idan ɗan tsako ya tashi fitowa, cikin wannan gurbin yake fara soka baki, ya shaƙi numfashinsa na farko, kafin ya huda ɓawo. To in danshi ya yi yawa tun farko, ruwan ba ya fita, gurbin ya zama ɗan mitsitsi, ɗan tsakon ya kumbura ya cika ƙwan har ba ya iya juyawa. Ya soka baki ya tarar da ruwa. Sai ka fasa ka gan shi cikakke da gashinsa, jiƙe sharkaf, a mace.

Abin da ake so: danshi 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Mutumin Kano ko Sakkwato a watan Maris, iskarsa a bushe take ƙamas, dole ya cika kwalbati. Mu nan a Yuni da Yuli, wanki ma kwana biyu yake yi a igiya bai bushe ba, takalmi yana fumfuna a ƙarƙashin gado. Iskar da injin ke ja daga ɗaki ta riga ta zo da ruwanta.

Maman Hanifa Idi-Araba: Ni da damina ko ɗigo ba na zubawa sai ranar 18, kuma lambar tana zama wajen 45 zuwa 50 da kanta. Da hunturu ne, Disamba da Janairu, nake cika kwalbati ɗaya. Kuma ban yarda da lambar injin ita kaɗai ba, na sayi ƙaramin ma'auni daban na ajiye a ciki. Nawa injin ƙarya yake yi da kusan rabin digiri.

Baba Mai Zabi Alaba Rago: Ita kaza wa ya ba ta ma'auni?

Kofa Nura Ikorodu: Wanda ya halicce ta, Baba. Mu kwaikwayonta muke yi, kuma ba mu kai ta ba. Amma kaza in ta kwanta ta daina ƙwai ke nan, sati uku na kwanci da makonnin reno. Kuma kajin da aka inganta don ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar, an rage musu ɗabi'ar kwanci da gangan. Mai son 'yan tsaki hamsin a rana ɗaya dole ya koma inji.

Baba Mai Zabi Alaba Rago: Hamsin ɗin ne ya zama bakwai ai. To Allah ya ba da sa'a. Ni dai abin da na sani, ƙwan da ya hau tirela daga Kano ya riga ya gaji. Mu da muke karɓar ƙwan zabi daga Arewa da damina mun san yadda suke isowa.

Hajiya Ladi Mile 12: Wannan kam Baba ya yi gaskiya. Tirelar albasa kwana biyu zuwa uku take yi, ta biyo Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, ga ramuka ga rana. Tumatir ma yaya ya iso balle ƙwai. Kuma Malam Auwalu ka tambayi yayanka kwana nawa ya yi yana tara guda 30 ɗin. Kazar Hausa ba kullum take yi ba.

Auwalu Agege: Na kira shi yanzu. Ya ce ya kai sati biyu yana tarawa, a cikin ƙwarya a ɗakin Inna. Kuma wai ya wanke masu kashi a jiki don kar in ga ƙazanta.

Maman Hanifa Idi-Araba: Allah sarki, ya yi don kyautatawa ne. Amma ƙwan ƙyanƙyasa ba a so ya wuce kwana bakwai a ajiye, in ya yi yawa goma. A ajiye shi a kiret, tsinin yana ƙasa, a wuri mai sanyi-sanyi, ba firji ba. Kuma ba a wanke shi. Akwai wani ɗan siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana tafiya da shi. Mai kashi da yawa a soya shi kawai. Wanda ya yi tafiya kuma a bar shi ya huta kwana ɗaya cur kafin a zuba.

Musa Ketu: Jama'a ina da tambaya a gefe. Kakata tana cewa ƙwai mai tsini zakara ne, mai zagaye kaza ce. Gaskiya ne? Don ni mata nake so.

Kofa Nura Ikorodu: Allah ya ja kwanan kaka, amma siffar ƙwai ba ta nuna wannan. Ka shirya wa kusan rabi da rabi.

Ibro Ɗan Acaɓa: Musa "mata nake so" a zauren kaji ko? Admin a duba mana.

Admin: Ibro ka kiyaye. Sannan wanda ya sa tallar maganin ƙarfi ɗazu na goge, in ya sake zan cire shi.

Alhaji Tanko Obalende: Ni ku gafarce ni, duk wannan wahalar ta mece ce? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa yake kunna janareta sati uku saboda ƙwai? Ku lissafa fetur ɗin da Auwalu ya ƙona, ku raba wa 'yan tsaki bakwai, kowanne ya fi talotalo tsada. Ibadan na nan kusa, Oluyole, duk Litinin da Alhamis ana fitar da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya. Ka sayi kwalinka ka dawo. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Auwalu Agege: Alhaji ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne, kuma ba na so ma in yi shi a gaban uwargida. Amma a Oluyole ba za ka samu irin kajin gidanmu ba. Akwai wata kaza wake-wake da Inna take riƙe da irinta tun muna yara, ita nake so in samu a nan. Kuma ka san da Sallah ko Kirsimeti yadda ake neman kazar Hausa a garin nan, har Yarbawa ita suke tambaya saboda ƙarfin namanta a miya.

Sadik Mai Sola: To tunda an zo maganar fetur, ku bar ni in yi tallata da hujja. Irin injin nan bai wuce wat 80 yake ja ba, kuma ba ci gaba yake ja ba, in ya kai zafinsa yakan tsaya. Da yawansu suna da igiyar batir mai bolt 12 a baya. Malam Auwalu duba naka. In akwai, batir ɗaya mai kyau zai riƙe maka dare, ba sai ka tada janareta ba. Sannan in janaretan a baranda yake kusa da tagar ɗakin, hayaƙin nan ba ƙwai kaɗai yake cutarwa ba, har ku.

Maman Hanifa Idi-Araba: Yanzu ka yi magana Sadik.

Auwalu Agege: Akwai igiyar, ja da baƙa, tana cikin kwali ban ma san amfaninta ba. Sai da safe in sha Allahu, zan fasa in kawo rahoto.

Auwalu Agege: Salam jama'a, barkanmu da safiya. Na fasa su a bayan gida, na sha wari. Ga yadda abin yake. Na shago shida: gwaiduwa zalla. Na Kano 30: biyu ne suka ƙyanƙyashe, 13 ba komai ko sun ruɓe, bakwai zoben jini, takwas cikakkun 'yan tsaki a mace. Na Agege 12: bakwai sun fito, ɗaya ba komai, huɗu cikakku a mace. Cikakkun nan 12 duk a jiƙe suke, da wani ruwa mai yauƙi, gurbin iskar kuma bai fi girman kwabo ba. Wallahi sai da na ji ƙwalla, har da mai kalar wake-waken Inna a ciki.

Kofa Nura Ikorodu: Sannu Malam Auwalu. To ga shi a fili. Guda 20 na Kano da suka lalace tun farko, tsufa da wanki da tirela ne. 12 da suka kai ƙarshe suka kasa fitowa, ruwa ne. Da daren da mai ya ƙare ne ya kashe su, da ka tarar da su ƙanana, rabin girma, sun tsaya a kwana 12. Ka ga ko ɗaya irin haka?

Auwalu Agege: Ko ɗaya babu.

Sadik Mai Sola: Na sallama. Amma a sayi batir dai.

Hajiya Ladi Mile 12: Su biyun da suka mutu bayan sun fito fa?

Auwalu Agege: Cikinsu a kumbure yake, cibiyar ba ta rufe ba. Ɗaya kuma ni na taimaka masa, na ga ya huda tun safe har la'asar bai fito ba, sai na ɓare masa, jini ya fito.

Maman Hanifa Idi-Araba: Ayya. Daga hudawa zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 har 24, yana ciki yana janye sauran gwaiduwa da jinin jijiyoyi zuwa cikinsa. In ka ga jini to lokaci bai yi ba. Kuma daga kwana 18 a cire abin juyawa, a rufe injin, a daina leƙe ana buɗewa. Waɗanda suka fito su zauna ciki su bushe, gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su kwana ɗaya zuwa biyu ba ci ba sha. Shi mai bajajjun ƙafafun, a kan me ka ajiye su?

Auwalu Agege: Jarida na shimfiɗa a kwali.

Maman Hanifa Idi-Araba: Santsi ne ya yi masa. Cire jaridar ka sa tsohon tawul ko buhun algarara. Ka samu filasta ka ɗaure ƙafafun biyu a tsakanin gwiwa da 'yan yatsu, ka bar tazara kamar yadda zai tsaya daidai, kwana uku ko huɗu ka kwance. In an yi da wuri yana miƙewa. Ka sa musu ƙwan fitila a gefe ɗaya na kwalin, satin farko suna son zafi wajen digiri 33 zuwa 35. In sun cunkushe a ƙarƙashinsa sanyi suke ji, in sun gudu bango zafi ya yi yawa. Ruwan shansu a murfi mara zurfi da 'yan tsakuwa a ciki. Kuma ka rufe saman da waya, ɓerayen Agege ba sa jin kunya.

Kofa Nura Ikorodu: Kar a manta rigakafin Lasota, wato na cutar Newcastle, da na cutar Gumboro kafin a kai su cikin wasu kaji. In ka tashi kawo su Ikorodu ka yi mini magana, akwai masu kiwo a kusa da ni, a haɗa a raba kwalba ɗaya, tunda bakwai ba za su shanye ta ba kuma in an buɗe ba ta ajiyuwa.

Baba Mai Zabi Alaba Rago: Auwalu, ka ce wa yayanka ya bar aiko ƙwai. Ya kamo 'yan dagwai biyu daga 'ya'yan wake-waken da zakara ɗaya, ya sa a kwando ya ba direban. Kaza tana jure hanya, ƙwai ba ya jurewa. In mai gidanka ba ya son cara, kawo su wurina, akurkina da fili. Ƙwan da suka yi ka zo ka ɗiba sabo-sabo ka zuba a kwalin robarka, ni kuma in sa wa tawa kazar goma a rana ɗaya, mu ga wanda zai riga.

Auwalu Agege: Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Zan kira Yaya yau da daddare. Hajiya, filastar nan ta ciwo ce ta kemis ko baƙar ta masu wuta?

Maman Hanifa Idi-Araba: Ta kemis. Ka raba ta biyu a tsaye, ta yi masa faɗi.